Oba-obar Pak Darwis

Pak Darwis shi ne shugaban masu gadi a gonar kwakwar manja da ke bayan ƙauyenmu a Riau, mutum ne da ko atishawa ba ya yi sai ya tara 'yan kallo. Da kamfani ya raba musu oba-oba masu ɓoye magana, sai ya tare a rumfar Mak Inong mai gahawa.

"Kun ga nan ciki?" in ji shi, yana ƙwanƙwasa bayan oba-obarsa. "Akwai 'yar na'ura kamar ƙwayar gyaɗa. Ita ke dagula muryata da mabuɗin sirri kafin ta fita. Wanda tasa ba ta da mabuɗin, shuuu kawai zai ji."

Gaskiya ya faɗa. Sai dai yakan ƙure ƙararta, ya jingina ta da kwanon soyayyar ayaba, don kowa ya ji ana ce masa Kwamanda.

Mak Inong ta ce, "Pak, rage mana, har na haddace inda yaranka ke sintiri."

"Mak, ke dai zuba gahawa. Ilimin nan ya fi ƙarfinki."

Ɓarayin kwakwa kuwa gahawa kawai suka riƙa saya, suna zama a bencin bayansa. Ranar da suka fice da mota shaƙe da kwakwa ta hanyar da babu mai gadi, Darwis ya rantse an fasa sirrin na'urar. Injiniyan kamfani ya duba, ya ce lafiyarta lau.

Yanzu Darwis ke ɗaga sandar ƙofar gonar, da usur a wuya maimakon oba-oba.