Jirgin da Bai Riski Jana'izar Inna Ba

Ina buɗe shago da safe Kawu ya kira ni, ya ce in rufe in zo gida, Inna ta cika. Kafin in isa, wani ya riga ya sanar da ƙanena, autanmu, wanda ya tafi Guangzhou sarin kayan waya. Ina ƙofar gida kiransa ya shigo.

"Yaya, kada ku binne ta. Na duba a waya, gobe ina Najeriya."

"Najeriya ina? Abuja kake nufi."

"To ai na iso ke nan."

Bai iso ba, kuma ya fi kowa sani, tunda a Mubi aka haife shi. Wayar ta auna masa sararin sama ne kawai. Ba ta san zaman jiran jirgin Yola ba. Ba ta san direban tasha da ba ya tashi sai mota ta cika ba, balle ramukan hanyar Hong da shingayen bincike. Na fara lissafa masa, ya katse ni. Ya ce a kai ta mutuware na asibiti, ai maƙwabtanmu Kirista sun ajiye mahaifinsu har ɗansu ya dawo daga Legas.

A lokacin mata sun gama yi mata wanka. Matasan unguwa sun tafi haƙa kabari, liman yana zaune a kan tabarma yana duban inuwa. Ni kuwa ina tsaye da waya a kunne, ana karanto mini sunayen filayen jirgi.

Kawu ya miƙo hannu ya karɓi wayar.

"Ɗana, mu ba ma sa mamaci jiran mai rai. Ka yi mata addu'a daga inda kake, tana isowa kafin jirginka."

Da wayar ta dawo hannuna, muryar ƙanena ta yi ƙasa. Ya ce to in shiga in nuna masa fuskarta ta bidiyo. Na je har bakin ɗakin. An riga an ɗaure likkafani, gwaggonmu tana zaune a gefe. Ban iya cewa a kwance likkafanin ba. Na ce masa babu sabis, na kashe.

Bayan Azahar muka kai ta.

Ƙanena ya iso ana shirin tashi daga zaman makoki, ƙafafunsa sun kumbura, da jakar magungunan ciwon gwiwa da ya saya mata tun kafin labarin. Ya gaisa da kowa. Ni ma ya ba ni hannu, ya ce ya haƙuri, kamar baƙo.

Ba mu sa alama a kabarin ba, sai wanda ya je binnewa ne zai gane wurin. Har yau bai ce in raka shi ba, ni ma ban ce ya zo mu je ba.