Ashanar Malam Tajuddin

Har yau ban manta da Alhamis ɗin da na ƙwace ashana daga hannun malamin gona ba. Ni ce uwar masaukin ma'aikata a gonar kamfaninmu da ke tsakanin Kura da Bunkure. Ban yi boko ba, amma duk wanda aka turo aiki nan, ni ke ba shi ɗaki da bokiti, ni kuma ke sa masa ido.

A da, sabon ma'aikaci ba ya taɓa aiki sai ya yi gaisuwa uku: mai unguwa, mai buɗe ƙofar ruwa, da Arɗo Buba, shugaban Fulanin da ke zaune bayan kanal, babbar hanyar ruwan noman rani. Daga baya hedikwata a Abuja ta sauya tsari. Ta waya ake horar da mutum sati biyu tun yana garinsu, sai kawai mu gan shi da jaka.

Haka Malam Tajuddin ya iso daga Ilori ranar Litinin, bayan girbin shinkafa. Yana jin Hausa daidai gwargwado. Na ce masa gobe sai gaisuwa. Ya ce, "Iya, ai an gama koya mini komai, yana cikin waya." Na ce to.

Aikin da aka ba shi shi ne ya share gona ta huɗu kafin Asabar. A nan ruwa bi da bi ne, namu ranar Lahadi yake zuwa. In ya wuce ba a dasa tumatir ba, sai wani satin, irin da ake reno kuwa ya tsufa. Shi kuma yana cikin wata uku na gwaji, ba a tabbatar da shi ba.

Da hantsin Alhamis na hangi hayaƙi. Manaja ya tafi Kano. Ko da na isa, wuta ta cinye tarin bambaron shinkafa ɗaya, Malam na tsugune gaban na biyu. Na miƙa hannu na karɓe ashanar.

"Ka ga sandar can mai ƙullin bambaro a ka?"

"Na gani, Iya. Ba ta korar tsuntsaye ba ce?"

"Wane tsuntsu bayan girbi? Alama ce an yi alkawarin bambaron nan. Shanun Arɗo ke cinsa duk shekara, su kwana a gona su bar mana taki. Shanun da aka ƙone wa bambaro kuwa, tumatir suke ci."

Ya kira matar da ta horar da shi. Ina jin muryarta tana tambaya wane ne Arɗo, wai ba ya cikin jerin sunayen da ke gabanta, a dai share gonar kafin Asabar. Ya kashe waya ya tsaya yana kallona.

Na aike shi ya sayo goro mai kyau, muka hau adaidaita zuwa bakin kanal, muka ƙarasa a ƙafa. A hanya na ce masa ya cire takalmi, ya tsuguna, kada ya ambaci gona sai ya gaida iyali da shanu.

Arɗo ya riga ya ga hayaƙin. Ya bar mu a tabarma har aka kira azahar. Da ya fito ya dubi baƙon.

"Kwana nawa da zuwanka?"

"Huɗu, Baba."

"Hayaƙinka ya riga ka gaishe ni."

Malam ya sunkuyar da kai ya ce bai sani ba ne, laifinsa ne. Bai jingina wa Abuja ba, wannan na lura da shi. Sannan ya roƙi a shigo da shanu yau maimakon sati mai zuwa. Arɗo ya juya goron a hannu ya ce mini, "Tabawa, wannan ɗan naki zai daɗe?" Na ce ban sani ba tukuna.

Da la'asar shanu suka shiga. Kwana biyu suka yi, abin da ya rage aka kwashe a amalanke. Asabar tarakta ta yi haro ta farfasa ƙasa, Lahadi ruwa ya zo, mata suka yi dashe. Tarin da ya ƙone kuwa, Arɗo bai sake maganarsa ba, amma sai da aka yi wata biyu kafin ya aiko wa Malam da nono.

Abin da na gane shi ne, waya tana koya wa mutum aiki, amma ba ta san maƙwabtansa ba. Wanda ya baro garinsu, kafin a nuna masa gona, a nuna masa masu iya hana ta yin kyau.

An tabbatar da Malam Tajuddin. Watan jiya aka turo wani sabo daga Lafiya, ya sauko daga mota yana latsa waya. Ina tsaye, Malam ya ɗanƙa masa ƙunshin goro ya ce, "Sa wayar a aljihu, ka bi Iya."