Firigon Haula Mai Ƙanƙara

Haula ta tashi a Bambeye, inda ruwan randa ne iyakar sanyi. Da aure ya kawo ta garin Tawa ta ga ƙanƙara, sai ta yanke hukunci cewa duk abin da bai daskare ba wasa ake yi da shi. Ta sayi firigo mai aiki da hasken rana, ta ciyar da 'ya'ya bakwai da sayar da ƙanƙara da bisap, wato zoɓo. Ƙanƙararta kuwa, in aka jefi kare da ita sai an ba mai shi haƙuri.

Maƙwabciyarta Debora malamar lakwal ce, wato makarantar boko, ta daɗe da aure ba haihuwa. Wata rana ta dawo daga Yamai da ƙaramin kwali a cikin kula. Allurai ne lokotoron asibiti ya rubuta mata, masu sa ƙwai ya nuna a jikin mace, za ta riƙa yi wa kanta a ciki. Sanyi suke so, kuran, wutar lantarki, kuma ba ya zama.

"Inna, ki aje mini wanga nan ƙasa, wajen bisap," in ji Debora. Ta faɗa mata ko na mene ne, kanta a sunkuye.

Haula ta ji tausayinta har cikin ranta. Da Debora ta fita, ta dubi kwalin a tsakanin robobin bisap, ta ga an wulaƙanta shi. Maganin haihuwa guda, a ajiye shi inda yara ke cusa hannu? Ta ɗauke shi ta kai saman firigon inda ruwa ke daskarewa, ta jera masa ƙanƙara dama da hagu.

Ranar fara allura Debora ta buɗe kwalin, ta samu kwalabe kamar tsakuwa.

"Inna, mi kinka yi?"

"Na sa shi inda ya hi sanyi, ɗiyata."

"In ya daskare ya mutu."

Debora ba ta yi faɗa ba. Ta zauna a kan turmi ta yi kuka, Haula na tsaye riƙe da murfin kwalin, kunya kamar ta nutse.

Sai da zafi ya shigo Debora ta iya samo wasu alluran, ta sake kawo su wurin Haula. Haula ta sa su wajen bisap, amma hankalinta bai kwanta ba. Ta murɗa abin sanyin ta rage shi don kada su daskare, ta ƙara murɗawa, har saman firigon ya daina daskarar da komai. Masu kabu-kabu suka zo sayen ƙanƙara suka samu ruwa a leda, suka koma wani gida.

Debora ta gama allurai ta tafi Yamai. Ta dawo babu labarin ciki, Haula kuma ba ta tambaya ba. Damina biyu ke nan, kuma gefen da kwalin ya zauna babu mai sa ko lemo a wurin. Abin sanyin ma Haula ta bar shi a rage, ko Debora za ta sake kawo wasu. In aka tambayi Haula ina ƙanƙara, sai ta ce firigon ne ya tsufa.