Mun Ce Ƙishirwa Ce

Ubana manomin tumatir ne. Haka yake kiran kansa, haka kuma aka san shi daga ƙauyenmu har inda ake lodin kwanduna a bakin titin Kura. Gero da dawar da yake shukawa da damina, a wurinsa wannan neman tuwo ne kawai. Noma shi ne na rani, in an sako ruwa a kanal, an ja fangalin da zai riƙe ruwan, an yi dashe. Gonar ma sunanta ke nan a gidanmu, gonar tumatir. Ko akuya ce ta ɓata, sai ka ji an ce a duba wajen gonar tumatir.

Ya tashi tun babu kanal a ƙasarmu. Ya ga fari da idonsa, ya ga dawa ta kai gwiwa ta ƙone a tsaye, ya ga an fita roƙon ruwa an dawo da tabarmi a bushe. Saboda haka ranar da ruwa ya fara bi ta bakin gonarsa a tsakiyar rani, sai ya ɗauka aljanna ce aka gutsuro aka ba shi. Har ya mutu ban taɓa jin ya kira ruwa da wani suna ba sai rahama. Mutumin da ya tashi haka, ba ka isa ka gaya masa ruwa na iya kashe shuka ba.

Ni na bar sakandare ban gama ba, na dawo gona. Lokacin da abin nan ya fara har na yi aure, tare muke aiki da shi, shi a gaba ni a baya, kamar yadda aka saba.

Gonar tana ɗan kwari, a hanyar Bunkure. A ƙasanmu akwai gonar wani tsoho Bamaguje, kuma sai ruwa ya bi ta wajenmu kafin ya isa gare shi. Shi da Baba sun daɗe tare. Goro ɗaya suke ɓarewa. Baba kan ce masa ba zai mutu ba sai ya ga goshinsa a ƙasa, shi kuma ya ce zai fara salla ranar da Baba ya daina riƙe masa ruwa. Su yi dariya, kowa ya koma bakin aikinsa.

Wata shekara tumatirinmu ya taso lafiya, ya fara fure, sai ya soma yaushi daga ɓangaren ƙasa. Da rana ganyen ya langaɓe, na ƙasa ya yi rawaya. Baba ya tsaya ya duba, ya ce ƙishirwa ce. Ni ma na ce ƙishirwa ce. Duk wanda ya biyo ta kan kunyar nan ya ce ƙishirwa ce, don tun muna yara abin da muka sani ke nan: shuka ta sunkuyar da kai, ba ta ruwa. Muka ƙara. Yaushin ya hau sama. Muka sake ƙarawa. Har ya zama in ranar ban ruwanmu ta zo, Baba ba ya toshe bakin fangali sai ruwa ya kwanta yana ƙyalli, tsohon nan kuwa yana can ƙasa yana jira da fartanyarsa.

Da abin ya ishe shi ya hauro. Bai yi maganar ruwansa ba. Ya shiga gonarmu ya tumɓuke tumatir ɗaya, ya miƙa wa Baba. Saiwar ta yi baƙi, ta yi laushi, tana wari irin na kwata.

"Malam, shinshina ka ji," in ji shi. "Wannan ba ƙishi ba ne. Gonarka ta sha har ta gaji. Rage mata."

Baba ya dubi saiwar, ya dube shi, ya yi dariya. "In rage ya gangaro wurinka ko? Tsoho da wayo. To ba yau ba."

Haka ni ma na ji maganar, haka duk wanda aka ba labari ya ji ta. Na ƙasa ya ce wa na sama ya rage ruwa, me kuma ya rage a bincika? Saiwar tana hannun Baba, warin yana hancinmu, amma ba ita muke kallo ba, mai maganar muke kallo.

Wannan shekarar ba mu cika kwandunan da muka saya ba. Suna nan jibge a zaure har kaji suka fara ƙwai a ciki.

Rani ya sake zagayowa muka sake dasawa, abin ya dawo, ya fi na bara. Na tafi wurin mai sayar da maganin feshi a Kura da ganyen a leda. Bai tambaye ni komai game da ƙasar ba. Ya juya ganyen ya ce cuta ce, ya sauko da kwalba. Muka fesa. Mai taki ya ce yunwa ce, muka zuba taki. Kowa ka je wurinsa, abin da ke kan kantarsa shi ne ciwon gonarka. Ba na cewa ƙarya suka yi mana da gangan. Iyakar abin da idonsu ya saba gani ke nan, kamar mu.

Inna ce kaɗai ta taɓa kusantar maganar, ita da ba ta zuwa gona. Ƙafafun Baba sun fara cin ruwa, tsakanin yatsu ya yi fari yana tsagewa, kullum tana shafa masa man kaɗe. Ran nan tana shafawa ta ce, Malam, yaya mutum zai dawo kullum da ƙafa a jiƙe har tana ruɓewa, ya ce gonar da ya fito tana jin ƙishi? Ya janye ƙafarsa ya tambaye ta yaushe ta fara noman rani. Ba ta sake ba.

A kusurwar da ta fi kwari, inda tumatir ya daina ko kamawa, wasu tsirai suka fito kore shar, sun fi komai na gonar lafiya. Shinkafa ce. Ko tsuntsu ne ya yar, ko ruwa ne ya kawo daga gonakin sama, don a lokacin wasu sun fara nomanta. Tsohon nan yana wucewa ya gani, ya tsaya kan kunya ya ɗaga murya.

"Malam, ga ta ma ta gaya maka abin da take so da bakinta."

"Ni zan kwaɓa laka kamar agwagwa?" in ji Baba. "Gonar tumatir ce wannan."

Muka cire su muka watsar kan kunya tare da sauran ciyawa. Ciyawa muka gani, ciyawa muka cire.

Daga nan ƙasar ta fara fitar da wani farin abu kamar kanwa a saman fangali in rana ta buga. Yanzu na san gishirin ƙasa ne da ruwa ke turowa sama in ya rasa hanyar fita. A lokacin wani ya ce wa Baba barbaɗe aka yi masa. Ba a faɗi suna ba, ba a kuma bukatar a faɗa. Wa ke son ruwanmu? Wa ya shiga gonar ya tumɓuke shuka da hannunsa? Wa ba ya salla? Aka yi rubutu aka yayyafa, aka binne laya a kusurwoyi. Ramin da na haƙa don binne ɗaya daga ciki, kafin in miƙe ya cika da ruwa daga ƙasa. Sai da na tsame shi da hannu sannan na saka layar na danne da dutse. Ina tuna sanyin ruwan nan har yau.

Baba ya daina amsa gaisuwar tsohon. Sau da yawa na ga ya hauro da goro a hannu, Baba ya juya masa ƙeya ya ci gaba da aiki. Daga baya ya daina haurowa. In ruwa ya iso masa gonarsa ta sha, in bai iso ba ya zauna kan kunyar gonarsa.

Can bayan gonar akwai lambatun da aka yi don ya kwashe ruwan da ya yi yawa. Ciyawar kacala ta cike shi, ta fi tsayin mutum. Kullum muna wucewa ta gefensa. Mun san shi a matsayin inda macizai suke da inda tsuntsaye ke kwana. Babu wanda ya taɓa tambayar me aka haƙa shi ya yi.

Gonar ba ta kashe Baba rana ɗaya ba. A hankali ta cinye shi. Mutumin da ake sauke masa kwanduna a ƙofar gida ya koma ba ya son zama majalisa, don kada a tambaye shi yaya rani. Ya rame. Da ciwo ya kwantar da shi, ya ce a sayar, kada ya bar mana masifa. Wani matashi daga Dawakin Kudu ya zo gani. Baba ya sa aka kira shi har ɗaki, ya ce ba zai ci haram a ƙarshen rayuwarsa ba, gonar nan an yi mata sammu, ba ta yin tumatir, in ya ji ya gani to. Na raka matashin gonar. Ya cire takalmi ya shiga, ya danna dugadugi a ƙasa, ya tsaya yana kallon ruwa na tsattsafowa cikin sawunsa. Ya tambaye ni ko haka take duk shekara. Na ce haka take. Ya ce ya saya.

Kafin ranar bai san ubana ba, bai san tsohon ba, bai san sunan gonar ba. Ya sa aka sare kacalar bakin lambatu, ya ɗaga kunyoyi, ya cika ta da ruwa ya dasa shinkafa.

Baba bai sake fita ba. Wata ranar Juma'a bayan an sauko, ina gyara masa matashi, ya tambaye ni ko tumatirin yaron nan ya yi. A ranar na biyo ta wurin. Shinkafa ta rufe gonar daga kunya zuwa kunya, ta fara ciki, iska na kaɗa ta.

Na ce, "Bai samu tumatir ba, Baba."

Ya rufe ido. "Ai na gaya masa. Allah ya ga na gaya masa."

Na bar shi a haka. Mutum yana kan gargara, me zan kai masa? Bai kai girbi ba.

Tsohon ya zo ta'aziyya. Ya zauna can gefen tabarma, da aka ɗaga hannu shi ma ya ɗaga nasa yadda ya ga ana yi. Da zai tafi ya kira ni gefe ya ciro goro ya ɓare, ya ba ni rabi. Ina jira ya ce ai ya faɗa. Bai ce ba. Cewa ya yi ubana mutum ne mai taurin kai, kuma tun da ya daina kula shi goro bai sake yi masa daɗi ba. Shi ma bai daɗe ba.

Yanzu dako nake yi a wani injin casar shinkafa a Kura. Bayana ya fara ba ni labari, gwiwa ma haka. In kaka ta yi, wanda ya sayi gonar yakan kawo nasa buhunan a mota, ya yi ƙiba, yana gaishe ni da mutunci, ba ni da abin da zan ce ya yi mini. Yana da gonaki da yawa yanzu, kuma ba ya son a haɗa masa amfanin wannan da na waccan. Sai ya tsaya bayan mota yana nuna wa masu saukewa, waɗannan na Kadawa ne, waɗannan na bakin titi, waɗancan kuma ku ware su daban, na gonar tumatir ne. Daga bakina ya ji sunan, ya kuma riƙe.

Yaran da muke aiki tare suna dariya duk lokacin da ya faɗa, wai shinkafar gonar tumatir. Ni nakan juya baya in ce su ɗora mini buhun.