An Koru, In Ji Bazazzagi

Ban yafe ba. Na faɗa a ƙofar masallacin unguwarmu, na faɗa a kasuwar Aziziya a gaban masu sauke tumatir, yanzu kuma ga shi ina rubutawa, don jikokina su tashi da sanin cewa akwai wani tela Bazazzagi a unguwar Shumaisi ta birnin Riyad da ya zalunci kakansu. In an ce zalunci, mutane kan ɗauka gona aka ƙwace. Ni waƙa aka ƙwace mini, guda ɗaya tak, a bainar jama'a.

Kafin in koma jigilar kayan gwari, na yi wasu shekaru ina tuƙa wani injiniya ɗan Japan mai aiki a gine-ginen Dir'iyya. Mutum ne shiru-shiru. In ya gaishe ka sai ya rusuna, kai ma kunya ta sa ka rusuna, shi kuma ya ƙara, ku yi ta yi a bakin mota har rana ta yi zafi. Amma da ya shiga ya ɗaura bel, sai ya tura wani faifai a rediyo. Ranar farko birki na taka, na ɗauka injin ne ya tarwatse. Kiɗa ne kamar an saki garken shanu a rumfar masu sayar da tukwane. Na waiga, sai na ga bawan Allahn nan ya lumshe ido yana gyaɗa kai, kamar mai sauraron wa'azi.

Na yi ta haƙuri saboda aiki. Ban san ranar da kaina ya fara gyaɗawa ba. Abin da na sani shi ne waƙar ƙarshe ta faifan ce ta kama ni. Tana farawa a hankali, jita ita kaɗai, kamar ruwa na ɗiga daga indararo, sannan mai ganga ya faɗo mata kamar an taɓa masa uwa. In aka zo amshi kuwa, ko a gaban alƙali zan maimaita, da Hausa mawaƙin yake cewa: sanyi ya kama ni, kawo shayi. Na gaya wa injiniyan. Ya yi dariya har ya cire tabarau yana share ido, ya ce maganar wani jirgin ƙasa ce da wata mata da ba ta dawo ba. Na ce masa ya je ya sake bincike.

Daga nan na kafa ilmina: Japanawa Hausawa ne da suka taso aikin hajji a ƙafa, suka wuce Makka ba su sani ba, suka yi ta gabas har ƙasa ta ƙare. Wannan karatu na shekara da shekaru ina bayar da shi kyauta a shagon Bazazzagin nan, yana taka keke yana cewa, "Bakano, in ƙarya sana'a ce, da kai ne kafilin kowa a garin nan." Da injiniyan zai koma gida ya miƙo mini faifan da hannu biyu. Har yau yana cikin motar kayana. Albasar da na kai kantunan Riyad da wannan kiɗa, in aka jera ta sai ta kai Kano ta dawo.

To, ana nan cikin hunturu sai ga labari: mutanen faifaina za su zo Riyad, da kansu, da gangunansu. Garin da na zo na tarar ko a ɗaurin aure sai an rufe taga kafin a kunna rediyo! Na sayi tikiti biyu, kuma nan ne na yi wa kaina. Motata warin albasa take yi, shi Bazazzagi yana da 'yar ƙaramar mota. Kuma shi ya ɗinka mini sabuwar shaddar da zan sa, ya ce lallai sai ya ga inda za a kai aikinsa.

Sai dai akwai abin da ya kamata mai karatu ya sani. A lokacin iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta ƙare, kafilinsa, Balaraben da ke tsaya masa a kan takardu, kullum sai ya ce masa bukra, wato gobe, bukrar da ba ta zuwa. Mutumin ya zama kamar ɓera a gidan maguna. Ya taɓa barin keke yana juyi ya fita ta ƙofar baya don ya hango mai kaki, ashe mai duba mitar wuta ne.

Bayan magariba muka isa. A ƙofa aka ɗaura wa kowa wani ɗan zare na roba a hannu. Ciki kuwa, Allah mai iko! 'Yan samarin Larabawa sun yi baƙi wuluk daga sama har ƙasa, wasu da gashin aro shuɗi, 'yan mata cikin abaya suna riƙe da sanduna masu haske, ga wasu Japanawa a gaba sun rataya tawul a wuya kamar masu shirin dambe. Ni kaɗai ne da shadda ruwan toka da hular zanna. Hotunan da aka ɗauke ni a daren, ko ango bai samu ba.

"Bakano, nan gidan biki ne ko asibitin mahaukata?"

"Rufe mini baki, tela. Yau za ka ga 'yan uwanmu."

Da suka fito, ƙasa ta motsa. Ba ƙari nake yi ba, hulata ta juya da kanta. Mawaƙin da nake zato saurayi ne, ashe sa'ana ne, har da furfura, amma yana tsalle kamar bai san ciwon gwiwa ba. Ya yi mana sallama da Larabcin da ya karye a wurare uku, muka amsa kamar za mu tsaga sama. Mai ganga siriri ne kamar tsinken tsire, ban san inda yake ajiye ƙarfin ba. Duk waƙar da suka ɗauko na san ta. Na bi su baiti baiti da Hausata, wani yaro mai shuɗin gashi a gefena yana kallona da girmamawa, ya ɗauka Japananci na haddace. Bazazzagi ya toshe kunne da ƙyallen shadda, idonsa na kan ƙofofi.

Ni dai jira nake. Duk waƙar da ta ƙare sai in ce masa, "Yanzu za a kawo shayi." Ba a kawo ba. Aka yi wata, aka yi wata. Sai kawai mawaƙin ya rusuna irin rusunawar injiniyana, suka ajiye kayan kiɗa, suka shige. Fitilu suka mutu ɗif.

Ban gama cewa innalillahi ba sai Japanawan gaba suka fara tafi suna kiran wata kalma. Larabawa suka karɓa. Kafin ka ce me, filin duka ya ɗauka, ana buga ƙafa:

"An-ko-ru! An-ko-ru!"

Bazazzagi ya damƙi hannuna. "Ka ji? Ka ji abin da suke cewa?"

"Na ji, amma tsaya..."

"An koru! Kora ce, Bakano! Ga su can da tocila!"

Da gaske kuwa akwai masu tocila suna zagawa a gefe, ma'aikatan wurin ne masu nuna hanya. Shi a idonsa 'yan jawazat ne, masu kamen marasa iƙama, kuma duk wannan taro shi kaɗai aka zo nema.

Na ce, "Haba malam, ina ruwan Japanawa da Hausa da za su yi maka gargaɗi?"

Sai ya juyo ya dube ni cikin duhun nan, ya ce, "Au! Ba kai ka ce Hausawa ne ba?"

Ku ji fa! Shekara da shekaru yana ƙaryata ni, sai a daren da zai cuce ni ya yi imani.

Ya ja ni ta hannun riga. Duk rigar da mutumin nan ya taɓa ɗinka mini, a hammata take farkewa tun wankin farko. Wannan kuwa, da nake roƙon Allah ta yage in tsira, ta riƙe kamar an yi mata walda. Na taka ƙafafun da ba su ƙirguwa, na ba da haƙuri da harsuna uku, hulata ta tafi, ban sake ganinta ba. A ƙofar fita wani dogon mai gadi Basudane ya sa almakashi ya datse zaren hannunmu, ƙyas, ƙyas, muka faɗa filin ajiye motoci.

Ba kowa a wajen. Ba motar kame, ba jiniya. Wata kyanwa ce kawai a kan bonet tana lasar ƙafa.

Sai ihu ya tashi daga ciki, irin wanda ban taɓa ji ba. Sannan shiru. Sannan jita, ita kaɗai, a hankali, kamar ruwa na ɗiga daga indararo.

Ban san ina da gudu ba sai ranar. Na isa ƙofa ina haki. Basudanen ya tare ni da hannu ɗaya.

"Mamnu'u, ya haj, an hana. Wanda ya fita ya fita."

Na nuna masa tikiti, na nuna masa furfurata, na nuna masa Bazazzagi na ce wannan ne ya ce an kore mu. Da ya gane zancen sai ya riƙe ciki. Ya ce jiya ma haka suka yi. Al'adarsu ce, mawaƙa su yi kamar sun tafi, jama'a su yi ta kiran ankoru, wato a ƙara, a maimaita, sai su dawo su yi wadda aka fi so. Kowa ya san wannan, in ji shi.

Kowa ya sani! To wace irin al'ada ce wannan, a ɓoye nama a ƙasan tuwo sannan a kashe fitila? In za ka yi waƙa ka yi, in ka gama ka ce ka gama. Kuma a duk kalmomin duniya a rasa wadda za a roƙi ƙari da ita sai wadda za ta tarwatsa Bahaushe? Injiniyan nan ma ina da magana da shi. Shekaru muna mota ɗaya, ya koya mini rusunawa, bai koya mini wannan ba.

Na tsaya jikin shingen ƙarfe. Abin da ke isowa gare ni dukan ganga ne kawai a ƙirji, sai muryar dubban mutane da ba su taɓa kai albasa ko'ina da waƙar nan ba, suna rera mini abata. Ga wani janareto a bayana yana nasa kiɗan. Da aka zo amshi ban iya daurewa ba, na buɗe murya, ni kaɗai a filin motoci, kai ba hula: sanyi ya kama ni, kawo shayi!

Basudanen ya dube ni. Kalma ɗaya ya gane a ciki. Ya sunkuya ya ɗauko fulas ɗinsa, ya zuba mini a kofin takarda, ya miƙo ta tsakanin ƙarafa. Na karɓa, don ba a mayar da alheri. Haka na sha waƙar da na yi shekaru ina jira, a tsaye, a waje, kuma shayin ma ya huce.

Muka kama hanyar gida a motarsa har muka kusa Shumaisi. Sannan Bazazzagi ya ce, a hankali, "Amma dai ka ga ɗinkin bai farke ba."

Kafilinsa ya sabunta masa iƙama a makon da ya biyo baya. Yanzu har gaisawa yake da 'yan sanda. Mawaƙan kuwa ba su sake zuwa ba, kuma da furfurar da na gani a kansu, ban ga alamar gwiwoyin nan za su jira ni ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, maganar ta bazu. Yau duk inda Hausawan Shumaisi suka zauna shan shayi, wanda ya shanye yana son ƙari sai ya miƙa kofi ya ce an koru, a fashe da dariya, a waiwayo ana kallona. Ranar Juma'ar da ta wuce, a ɗakina, a kan tabarmata, Bazazzagin nan ya shanye nawa shayin, ya miƙo mini kofi yana murmushi.

"An koru, Bakano."

Na karɓi kofin na kife shi a kan tire, na ja butar zuwa bayana.

Na ce, "Mamnu'u. Wanda ya fita ya fita."