Yadda Ƙadri ya rama wa mahaifinsa

A shekarar 2009 na fara ganin Ƙadri, ranar da ya zo daga Tasawa ya kafa farantin tauraron ɗan'adam a ƙaramin gidan rediyonmu na Mayahi. Na riga na bar aikin gidan waya. Mu da muka yi lakwal, wato makarantar boko, wurin 'yan mishan, agogo muke fara duba wa mutum. Nasa daidai yake, sai na ja kujera kusa da shi.

Ya nuna mini akwatin da ake kira modem. Ya ce na nan da na can garin Issawane, inda muke ɗauko wasu shirye-shirye, dole su bi agogo ɗaya, in kowa ya bi nasa murya za ta riƙa tsinkewa. A tsakani kuma akwai ma'ajiya, kamar randa, inda magana ke ɗan taruwa kafin ta fita. In randar ta yi ƙanƙanta magana ta zube, in ta yi girma ta makara.

Mahmudu shi ne mai gabatar da shiri, kuma bakinsa ne jarinsa. Wata rana ya zare wayar modem ya sa cajin salularsa, saitin agogon ya goge, shirin ya yi ta yankewa. Maimakon ya yi shiru, sai ya ce a iska:

"Ku yi haƙuri jama'a, ɗan mahauci muka ba aikin. Uban ya yanka akuya, ɗan yana yanka magana."

Mahaifin Ƙadri bai daɗe da rasuwa ba. Mahaifiyarsa Rabi'atu ta ji maganar a tsakiyar kasuwar Tasawa, mutane na dariya. Ta naɗe tabarmarta, ba ta ƙara zuwa kasuwa ba.

Na ce, "Ƙadri, ka kai ƙara mana!"

Ya ce, "Baba, a iska ya yi, a iska za a biya shi."

Ya maida saitin, ya ci gaba da gaida Mahmudu kullum. Damina ta wuce, wata ta zo. Ni har na fara jin haushinsa.

Sai aka shirya hira kai tsaye da wani dattijon makiyaya na Issawane, mutumin da ba a katse shi ko a gaban hakimi. Da hantsi Ƙadri ya buɗe randar nan iyakar girmanta. Muryar ta fito tas, amma a makare.

Mahmudu ya ce, "Baba, ina kwana?" Shiru. Mahmudu bai iya jure shiru ba. "Ina gajiya, ina..." Daidai nan "lahiya lau" ta tsohon ta iso, ya take ta. Ya dakata, tsohon ya dakata, suka sake farawa tare. Duk jimlar da dattijon ya ɗauko, Mahmudu ya hau kanta.

Can tsohon ya ce, "Yaro, a gidanku ba a bari babba ya ƙare magana?"

Daga garin Sarkin Hausa har Tasawa an ji. Aka karɓe shirin daga hannun Mahmudu, kuma ban ji tausayinsa ba ko kaɗan.

Kafin azahar Ƙadri ya maida ma'ajiyar yadda take. Ranar Lahadi ya ɗauki Rabi'atu a babur, ya kai ta kasuwa, ya shimfiɗa mata tabarma da hannunsa.