Ranar da Alƙali Ya Tambayi Baba Inda Aka Haife Ta

Kafin in yi nisa, bari in faɗa muku cewa ina yaro lokacin da abin nan ya faru, kuma shekaru sun ja. Mai yiwuwa na cakuɗa abin da na gani da abin da aka ba ni labari daga baya, ko in sa magana a bakin wanda bai faɗe ta ba. Wannan tsoron ne ya sa na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Abin da ya zaunar da ni yau ƙarar ƙarfe ce. Na bi ta bayan wata lakwal, wato makarantar boko, da safe, sai na ji ana bugun tsohon ƙarfen ƙafar mota da aka rataya a reshen darbejiya, yara suka kwasa da gudu zuwa aji. Na tsaya a kan hanya har wani mai amalanke ya yi mini tsawa.

A gidanmu na Matamaye, a Nijar, mu biyu muke fita idan an buga irin wannan ƙarfe, ni da ɗiyar ƙanen babana. Ubanta yana cikin mazan garinmu da ke tafiya cin rani Najeriya da zarar an kai hatsi rumbu, su dawo da ruwan farko. Wata shekara ruwa ya sauka bai dawo ba, sai saƙo ya zo cewa ya yi aure a Kano. Can aka haifi yarinyar, can kuma ya rasu bayan gajeriyar jinya. Da uwarta ta yi wani aure, kakarmu ta hana kowa sakat a gidan har sai da aka je aka ɗauko mata jikarta. An kawo ta ana cikin yankan gero, da ɗan ƙunshin kayanta da takalmin roba ja. Ina jin sa'ata ce, ko na girme ta da watanni, amma Yaya take kirana har yau.

Sunan kakarmu aka sa mata, saboda haka Baba bai taɓa kiran sunanta ba. "Uwata" yake ce mata. Muna da garka a fadama wadda shi da marigayin suka gada, rake ne mafi yawa a ciki, sai rogo da ɗan tumatir. Da sanyi, idan ana saran rake, yakan tafi da mu. Har yanzu ina jin ƙamshin ɗanyen ganye da laka mai sanyi a tafin ƙafa. Zai zauna a kan kunya ya fere sanda guda, ya ba ta gindin, wajen da ya fi zaƙi, ni ya miƙo mini kan. Idan na turo baki sai ya ce, "Kai, da uwata za ka yi gasa?" Na faɗi wannan ne don kada wani ya ɗauka mugun mutum nake ba da labari. Ban san wani uba a unguwarmu da ya fi shi wasa da yara ba.

Kakarmu ce ta kai mu lakwal. A lokacin, idan ana shakkar shekarun yaro, sai a ce ya ɗora hannu ta saman kansa ya kamo kunnen ɗaya ɓangaren. Ni da ƙyar na taɓa nawa, ita kuwa ta kama har tana ja. Darakta ya nemi takardar haihuwa. Aka ba shi tawa. Ya ce ina ta yarinyar?

Kaka ta kamo haɓarta ta ɗaga. "Ga fuskar ubanta nan, ka duba. Kai ma ka san shi."

"Inna, na san shi," in ji darakta, "amma fuska ba ta shiga jarrabawa. Ta zauna dai, ba na korar yaro. Ku nemo takarda kafin ajin ƙarshe."

Haka ta zauna. Ba ita kaɗai ba ce, kusan kowane aji akwai 'ya'yan masu cin rani da aka haifa a ƙetare, akwai kuma waɗanda iyayensu 'yan can ne da kasuwa ta zaunar da su a nan. Yara sun yi ta tsokanarta da Bakanuwa, don takan ce makaranta inda muke cewa lakwal, ta ce malam inda muke cewa mushe. Ba a daɗe ba ta rufe musu baki da Faransanci. Ba na son in ƙara gishiri, amma ban tuna shekarar da na zo gabanta ba. Idan mushe ya gaji da mu, ita yake ba alli ta hau allo.

Duk farkon shekara darakta yakan aiko a tuna wa Baba. Amsar Baba ba ta canzawa sai dai lokacin: bari a gama shuka, bari a gama noma, bari a sayar da rake. Ba wanda ya ga laifinsa, don kowa haka yake yi. Da daminar da za mu shiga ajin ƙarshe kaka ta kwanta ciwo. Wata rana da hantsi ina yi mata fifita, Baba ya shigo gaishe ta, bai daɗe da dawowa daga Makka ba. Ta ce masa, "Takardar takwarata fa." Ya ce, "In Allah Ya yarda, Inna. Ki ɗauka an yi." Ba ta ga girbin wannan shekara ba.

Da bazara mai shela ya zagaya gari, ya ce alƙali zai zo ya zauna a filin lakwal, duk yaron da ba shi da takardar haihuwa a kawo shi da shaidu biyu. A nan dole in yi bayani a hankali, don ni ba masanin shari'a ba ne. Yadda na fahimta, alƙalin yana iya ba da takarda ne ga wanda aka haifa a yankinsa. Wanda aka haifa a wata ƙasa, hanyarsa doguwa ce, ta ofisoshin da talaka bai san ƙofarsu ba. Saboda haka mutane suka saba da wata dabara: ko a ina aka haifi yaro, shaidu su ce a nan ne. Ban ce daidai ba ne. Na dai ce kowa ya sani, har ina zaton shi ma alƙalin ya sani.

Mai unguwa ya yarda zai zama shaida ɗaya, Baba ɗaya. Ranar, innata ta yi wa yarinyar kitso, ta ba ta aron ɗankwalinta. Zafi ya yi tsanani, layi ya miƙe daga gindin darbejiya har bakin ƙofa, mata na ta yayyafa wa jarirai ruwa. Ni ba ni da abin yi a wurin, rakiya na yi, ina riƙe da butar Baba.

Kafin a zo kanmu, wani ɗan kasuwa daga wajen Daura, wanda yake sayen raken Baba duk shekara, ya matso da 'ya'yansa maza. Duk unguwa an san da wayonsu aka zo da su. Baba ya miƙe ya tsaya musu. Aka tambaye shi inda aka haife su, ya ce a Matamaye. Wannan na ji da kunnena, ko aƙalla haka nake tunawa. Na ma ji daɗi a lokacin, na ce ashe abin ba wuya.

Da aka kira ta, ta tsaya gaban teburi ta harɗe hannuwa kamar yadda aka koya mana a aji. Alƙalin ya yi mata wata tambaya da Faransanci, ta amsa, ya yi murmushi. Sannan ya juya wajen Baba.

"Alhaji, a ina aka haifi yarinyar nan?"

"A Kano."

Alƙali ya ajiye biro. Ya ce, "Alhaji, rana ta yi zafi, ka tuna da kyau."

"A Kano aka ce an haife ta. Ni ban ga haihuwar ba."

"To, amma ɗiyar ƙanenka ce?"

Baba bai dube ta ba. Ya ce, "Haka aka faɗa mana da aka kawo yarinyar."

Na yi shekaru ina juya amsoshin nan. Ta farko zan iya nema masa uzuri, in ce mutum ne da ya dawo daga Makka yana tsoron rantsuwa. Ta ƙarshen ce ban sami inda zan ajiye ta ba. Yarinyar. A bakin mutumin da bai taɓa kiranta da komai ba sai uwata.

Alƙali ya ce ba abin da zai iya yi, aka kira na gaba. Mai unguwa ya biyo mu har bakin ƙofa, yana huci.

"Alhaji, me ka yi haka?"

"Ba na rantsuwa a kan abin da idona bai gani ba."

"Ashe? To 'ya'yan mai sayen rake fa, kai ka yi musu ungozoma?"

Mutanen da ke kusa suka fashe da dariya. Baba ya karɓi butarsa daga hannuna ya wuce masallaci. Ita kuwa ba ta yi kuka ba. Muna isa gida ta cire ɗankwalin ta ninke ta mayar wa innata, ta ɗauki tulu ta tafi rijiya.

Darakta ya zo gida da kansa, na ji muryoyinsu shi da Baba a zaure amma ban ji abin da suka ce ba, kuma ba zan ƙirƙira ba. Abin da na sani shi ne ta ci gaba da zuwa aji har ƙarshen shekara, tana zaune a bencin gaba, tana amsa tambayoyin jarrabawar da ta san ba za a bar ta ta rubuta ba. Ranar jarrabawa an yi yayyafi da asuba, ƙasa na ƙamshi. Ta raka ni har inda ake tare waɗanda ba su da suna. Ta ce, "Yaya, ka karanta tambaya har ƙarshe, na san ka da garaje." Na shiga, ta koma.

Bayan girbi aka mayar da ita wurin uwarta. Ban san wanda ya yanke wannan shawara ba. Na ji an ce a can ma da aka kai ta makaranta sai aka nemi shaidar asalin ubanta, aka ce ai 'yar Nijar ce. Ko haka aka yi ko kuwa mijin uwar ne bai damu ba, Allah ne masani. Karatun dai bai ci gaba ba. Yanzu ɗinki take yi a gida, da 'ya'yanta. Mukan yi waya. Takan tambayi kowa, har akuyoyin innata, amma idan ta zo kan Baba sai ta ce, "A gaida mutanen gida."

Sai da na girma na fara lura cewa garkar nan ba a taɓa raba ta ba. Rabin marigayin yana nan cikin namu har yau. Wani abokina da ya karanta shari'a ya ce mini takardar da alƙali ya sa wa hannu, mai ɗauke da sunan uba, hujja ce babba idan maganar gado ta taso. Ban ce wannan ne dalili ba. Ba ni da shaida, kuma zato zunubi ne. Sai dai na san raken wannan garka ne ya kai ni kwaleji, ya riƙe ni a Damagaram, ya kai ni jami'a a Yamai. Duk lokacin da aka kira ni mai ilimi a taro, sai in ji kamar na sa rigar wani.

Sau ɗaya na yi ƙarfin halin tambayarsa, bayan na gama jami'a. Muna garka, yana fere rake. Na kewaya na kewaya, sannan na ce, "Baba, ranar nan da alƙali ya zo, me ya faru?" Ya gama fere raken. Sannan ya ce, "Kai ka yi karatun ko ba ka yi ba?" Na ce na yi. Ya ce, "To." Ya miƙo mini gindin raken. Na karɓa, don ban san yadda ake ƙin karɓar abu daga hannun uba ba.

An ce yanzu abubuwa sun yi sauƙi. Mata da yawa a asibiti suke haihuwa, takarda na fitowa tun yaro yana zanin goyo, kuma malamai na cewa ba a hana kowane yaro zama a aji, ɗan ƙasa ne ko baƙo. Ina fatan haka ne. Amma ita ma ba a hana ta zama ba. Har gobe mazanmu suna tafiya cin rani, ana haihuwa a can, ana kawo yara nan, kuma makomar kowane ɗayansu tana rataye ne a bakin wani babba da zai miƙe gaban teburi. Idan na ga layin yara a filin lakwal, ba su nake kallo ba, manyan da ke tsaye bayansu nake kallo.

Mai unguwa ya rasu, darakta an daɗe da canza masa wurin aiki, Baba kuwa ya tsufa, ni nake zuba masa ruwan alwala idan na je gida. Saura mu da muke yara a layin nan, da iyayenmu mata da suka tsaya a rana. Don Allah, duk wanda yake wurin, idan na yi kuskure ya gyara mini. Wataƙila ba haka Baba ya faɗa ba. Wataƙila akwai wata magana tsakaninsa da marigayin da ban sani ba, ko wani ya tsorata shi kafin a kira mu. Wallahi zan fi kowa murna a ce ƙarya ƙwaƙwalwata take yi mini, zan kuma rubuta gyaran da hannuna. Idan kuwa abin da na ji shi kuka ji, to shi ma ku faɗa mini, don na gaji da jin sa ni kaɗai.